Sharhi: Annobar citta a Kudancin Kaduna da iyakar abin da kasuwa za ta iya gyarawa

A daminar shekarar 2023, manoman citta a ƙananan hukumomin Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a na Jihar Kaduna suka fara ganin ganyen shukarsu yana komawa ruwan ɗorawa tun kafin lokacinsa. Cikin 'yan makonni gonaki suka yi yaushi suka bushe, duk wanda ya tona ƙasa kuma sai ya tarar da saiwar ta ruɓe. Masana aikin gona sun danganta lamarin da wata cuta dangin fumfuna, wadda ke zama a cikin ƙasa, take kuma bin ruwan sama da irin shuka daga wannan gona zuwa waccan.

Kafin shekarar ta ƙare, Sanata Sunday Marshall Katung mai wakiltar Kaduna ta Kudu ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Dattawa, inda aka bayyana cewa fiye da hekta 2,500 na gonakin citta sun lalace. A shekarar 2024 Ƙaramin Ministan Noma, Sanata Aliyu Sabi Abdullahi, ya ƙiyasta asarar da sama da naira biliyan 12. Cutar ta taɓa wasu sassan Filato, Nasarawa da Babban Birnin Tarayya. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa darajar cittar da Najeriya ta fitar waje a watanni tara na farkon 2024 ta ragu da kusan kashi uku cikin huɗu, idan aka kwatanta da daidai wannan lokaci a 2023.

Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin yaƙi da annobar, ta kuma ware naira biliyan 1.6 ta hannun Asusun Bunƙasa Aikin Gona na Ƙasa domin tallafa wa manoman. Sai dai annobar ta bar tambayar da ta fi adadin kuɗin muhimmanci: wane aiki ne kasuwa ke iya yi da kanta, wane ne kuma ya fi ƙarfinta har sai gwamnati ta sa hannu? Wannan tambaya ce da ɗaliban tattalin arziki ke cin karo da ita tun a ajin farko, kuma samuwar dubban gidaje daga Kwoi zuwa Kafanchan ta dogara ga amsar da za a ba ta.

Abin da kasuwa ta gina

Adalci ne a fara da abin da kasuwa ta yi daidai. Noman citta domin sayarwa ya soma a kudancin tsohon Lardin Zariya ne wajajen 1927, a daidai lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo tsakanin Fatakwal, Kaduna da Jos. Daga wancan lokaci zuwa yau, yankin ya zama cibiyar noman citta a ƙasar nan, Najeriya kuma ta shiga sahun ƙasashen da suka fi noma ta a duniya. Nau'o'in nan biyu da manoma suka sani, Tafin Giwa da Yatsun Biri, sun yi suna a wajen masu saye na ƙasashen waje saboda yajinsu da yawan man da ke jikinsu.

Babu wata hukuma da ta umarci manomin Jaba ya shuka citta. Farashi ne ya ja shi. Da ya ga tana biyan kuɗin makarantar yara, tana kuma gina ɗakin kwano, sai ya faɗaɗa gona. Dillalai suka shigo, mata da matasa suka sami aikin tsagawa da shanyawa, masu manyan motoci suka riƙa lodi zuwa Kano da Legas. Wannan shi ne abin da Adam Smith ya bayyana tun a 1776: idan kowa ya nemi ribarsa a kasuwar da ke da gasa, farashi yakan daidaita buƙata da samarwa ba tare da wani ya tsara ba.

Ko bayan annobar, farashi ya yi aikinsa. Da citta ta yi ƙaranci, kuɗinta ya ninka, masu saye suka rage amfani da ita, manoma a wasu wurare kuma suka fara sha'awar nomanta. Amma tsadar ba ta warkar da gona ko ɗaya ba, ba ta kuma samar da iri mai lafiya ba. A nan ne masana ke maganar gazawar kasuwa, wato yanayin da ciniki tsakanin mutane, ko da kowa ya yi abin da ya fi masa amfani, yake kai jama'a ga sakamakon da ya gaza abin da za a iya samu. Annobar citta ta nuna fuskoki huɗu na wannan gazawa.

Illar da ke tsallaka iyakar gona

Ta farko ita ce illar da ke faɗawa kan wanda ba ya cikin ciniki. Masanin tattalin arzikin Ingila, Arthur Pigou, ya yi bayaninta a 1920. Manomin da ya ga alamar cuta a gonarsa yana da zaɓi biyu: ya tumɓuke shukar ya ƙone ta, ya kuma huta da noman citta a wannan fili na wasu shekaru, ko ya tono abin da ya rage ya kai kasuwa da gaggawa. Zaɓi na farko asara ce a kansa shi kaɗai, amfaninta kuma na maƙwabtansa ne. Zaɓi na biyu yana rage masa asara, amma yana iya kai cutar gonar wani a Kagarko ko Zonkwa, wanda ba zai taɓa sanin inda ta fito ba.

Ba mugunta ce ke sa mutum ya ɗauki zaɓi na biyu ba. Mai iyali ne da ya zuba duk jarinsa a ƙasa, kuma babu wanda zai biya shi ladan kare gonakin wasu. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma ruwan saman da ke gangarowa daga gonar tudu zuwa ta kwari ba ya tambayar wanda ya yi rigakafi. Irin wannan matsala sai da doka da diyya tare: hukuma ta hana zirga-zirgar iri daga wuraren da cutar ta kama, ta kuma biya wanda aka lalata shukarsa. Idan aka kafa dokar babu diyya, manoma za su ɓoye cutar ne kawai.

Irin da ido ba ya iya tantancewa

Fuska ta biyu ta shafi sani. Ba a shuka citta da ƙwaya kamar masara ko dawa. Saiwar ce ake yankawa gunduwa-gunduwa a binne, saboda haka iri shi ne mafi tsada cikin kayan noman, kuma duk cutar da ke jikin uwar tana bin 'ya'yan. Yawancin manoma daga girbin bara suke ajiye iri, ko su saya a hannun maƙwabci ko a kasuwa. Buhun da ke ɗauke da cuta da wanda ba ya ɗauke da ita suna iya yin kama ɗaya a ido.

George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya nuna a wata maƙalarsa ta 1970 abin da ke faruwa idan mai sayarwa ya san ingancin kayansa, mai saye bai sani ba. Ya yi misali ne da kasuwar tsofaffin motoci a Amurka. Tun da mai saye ba zai iya bambance mai kyau da mai lahani ba, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba. Mai kaya mai kyau kuma sai ya janye, kasuwa ta cika da mai lahani. Haka lamarin irin citta yake. Wanda ya sha wahalar ware gonarsa ya samar da iri mai tsabta ba shi da hanyar tabbatar wa mai saye, don haka wahalarsa ba ta da lada. Manomin da ya sayi iri da tsada kuma tamkar caca yake yi, sai damina ta yi nisa zai san abin da ya binne.

Maganin wannan shi ne shaidar da kowa zai amince da ita: gwaji a ɗakin bincike, rajistar masu samar da iri, da tambari a jikin buhu wanda ake hukunta duk wanda ya yi jabunsa. Najeriya tana da Majalisar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa da Hukumar Killace Kayan Gona, kuma aikinsu ke nan bisa doka. Abin da ake buƙata shi ne aikin nasu ya iso kasuwannin Kwoi, Kachia da Kafanchan, inda ake cinikin irin a zahiri.

Ilimin da babu mai saye shi kaɗai

Fuska ta uku ita ce abubuwan da amfaninsu na kowa ne, waɗanda idan an samar da su ba a iya hana wanda bai biya ba cin moriyarsu. Gano ainihin ƙwayar cutar, gwada magunguna, samar da nau'in citta mai jure mata da sa ido domin yin gargaɗi da wuri duk suna cikin wannan rukuni. Kamfanin da ya kashe shekaru yana bincike ya fitar da sabon nau'i ba zai iya mayar da kuɗinsa ba, domin manomi ɗaya ya saya, sai ya ninka shi a gonarsa ya raba wa ƙauye. Saboda haka 'yan kasuwa ba sa shiga, ko da kuwa amfanin aikin ga al'umma ya ninka kuɗinsa sau da yawa.

Arewa ta taɓa ganin irin wannan. A 1975 wata cutar gyaɗa da ƙwari ke yaɗawa ta cinye gonaki masu ɗimbin yawa, ta kuma kasance cikin dalilan da suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa a Kano. Abin da ya taimaka wa noman gyaɗa ya sake ɗagowa shi ne aikin shekaru da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta yi tare da cibiyoyin ƙasa da ƙasa, har aka fitar da nau'o'in SAMNUT masu jure cutar. Kuɗin jama'a ne ya biya wannan aiki, kuma ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin a ga sakamakonsa.

Alhakin binciken citta a Najeriya yana wuyan Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Ƙasa da ke Umudike a Jihar Abiya. A cikin yankin kansa akwai Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga kuma sabuwar jami'ar tarayya da aka kafa a Kachia a 2025. Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa noman citta, tana da cibiyar binciken kayan yaji ta musamman a Kozhikode, da Hukumar Kayan Yaji da ta kafa a 1987 domin kula da inganci da fitarwa waje. Manoman Indiya ma suna fama da ruɓewar saiwa, bambancin shi ne akwai waɗanda aikinsu na kullum shi ne bibiyar cutar.

Asarar da ta zo wa kowa lokaci ɗaya

Ta huɗu ita ce inshora da bashi. Kamfanin inshora yana rayuwa ne idan asara ta sami mutane kaɗan, a biya su daga kuɗin da masu yawa suka tara. Annoba kuwa tana kama kowa a damina ɗaya, shi ya sa kamfanoni masu zaman kansu ke gudun ƙananan manoma, bankuna ma haka. Domin cike wannan giɓi aka fara shirin inshorar aikin gona na ƙasa a 1987, wanda ya zama hukumar NAIC, gwamnati tana ɗaukar rabin kuɗin da manomi zai biya. Duk da haka, mafi yawan manoman citta sun shiga daminar 2023 ba tare da wata kariya ba. Da shuka ta mutu, jari da iri suka tafi tare, a shekarar da cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira suka ɗaga kuɗin taki, magani da sufuri.

Gwamnati ma tana gazawa

Gane cewa kasuwa ta gaza ba ya nufin duk abin da gwamnati ta yi zai zama gyara. Tarihin noma a Najeriya cike yake da misalai. Hukumomin sayen amfanin gona da aka kafa tun ƙarshen shekarun 1940 an yi su ne da sunan kare manomi daga hawa da saukar farashi, amma suka riƙa biyansa ƙasa da farashin duniya, rarar kuma ta tafi wasu ayyukan. An rushe su a 1986. Tallafin taki ya daɗe yana zurarewa ta hannun 'yan kwangila da masu uwa a gindin murhu, har Dakta Akinwumi Adesina, lokacin da yake Ministan Noma, ya ce kashi 11 cikin ɗari ne kawai na manoma ke samunsa, abin da ya sa aka ɓullo da rabo ta wayar salula a 2012. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya, wani kaso mai yawa bai dawo ba, bankin kuma ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye bayan sauyin shugabanci a 2023.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne gwamnati ta shiga aikin da 'yan kasuwa ke iya yi, wato saye, sayarwa da ba da bashi, alhali ba ta da sanin da suke da shi, ba ta kuma jin zafin asara kamar yadda suke ji. Akwai kuma dalilin siyasa. Rabon buhunan taki abu ne da ake gani, ana ɗaukar hotonsa, ana yin sa cikin yini ɗaya. Ɗakin gwaje-gwaje da albashin malaman gona ba su da bikin da za a gayyaci jama'a, amfaninsu kuma yakan fito ne bayan wa'adin wanda ya kashe kuɗin.

Da wannan ma'auni ya kamata a duba tallafin naira biliyan 1.6. Rabon taki da irin wasu amfanin gona kamar masara da dawa agaji ne da ya dace ga gidajen da suka rasa komai, yana kuma taimakawa wajen hutar da filayen da cutar ta kama. Sai dai agaji ne na damina ɗaya, kuma taki abu ne da ake samu a kasuwa idan akwai kuɗi. Iri mai shaidar lafiya, gwajin ƙasa da gargaɗin farko su ne abubuwan da ko mai kuɗi ba zai samu ya saya ba. Haka nan, yankin sarrafa amfanin gona na musamman da aka aza harsashinsa a Jihar Kaduna a watan Afrilun 2025, tare da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Afirka, zai iya ƙara wa citta daraja, amma masana'anta ba ta aiki sai gona ta ba ta abin sarrafawa.

Inda ya kamata kuɗin jama'a ya tafi

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da rabon aiki. Gwamnatin Tarayya ta ɗauki nauyin bincike na shekaru masu yawa, da samar da tushen iri mai tsabta wanda aka raino a ɗakin gwaje-gwaje. Ninka wannan iri da sayar da shi aiki ne na manoma da kamfanonin da aka yi wa rajista, ƙarƙashin sa idon masu ba da shaida, domin idan hukuma ce za ta riƙa rabawa, jerin sunayen masu cin moriya zai koma hannun 'yan siyasa. Gwamnatin Jihar Kaduna da ƙananan hukumomi su ne suka fi kusa da gona, don haka malaman gona, kai rahoton ɓullar cuta da gyaran hanyoyin karkara nasu ne. Tsaro ma yana cikin wannan lissafi, domin malamin gona ba zai je inda manomin kansa ke tsoron zuwa ba. Inshora kuma a haɗa ta da sayen iri mai shaida, ta yadda wanda ya bi ƙa'ida zai san ba shi kaɗai zai ɗauki asara ba.

Akwai ɓangare na uku da littattafan farko kan manta da shi. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta nuna cewa al'ummomi da yawa suna kula da dukiyar da suka yi tarayya a kanta ta hanyar ƙa'idojin da suka kafa da kansu. Ƙungiyoyin manoman citta, masarautu, coci-coci da masallatai a Kudancin Kaduna suna da abin da babu wata ma'aikata a Abuja da ke da shi: sun san gonar da ta kamu, sun san wanda ya sayar da iri, kuma ana jin maganarsu. Dokar hana zirga-zirgar iri da aka tsara tare da su za ta fi wadda aka aiko a takarda tasiri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Farashin citta kuwa a bar wa kasuwa. Ƙayyade shi ko hana fitarwa waje domin a sauƙaƙa wa masu saye a birane zai cire wa manomi dalilin da zai sa ya sake gwada noman bayan asarar da ya yi. Abin da gwamnati za ta iya yi a nan shi ne yaɗa farashin kasuwanni ta rediyo da wayar salula, da taimaka wa ƙungiyoyi su mallaki wuraren ajiya, domin kada buƙatar kuɗi ta tilasta wa manomi sayarwa da araha a lokacin kaka.

Kowace shekara, tsakanin watan Afrilu da Mayu, manomin citta yakan yanke shawarar ko zai binne jarinsa a ƙasa. Ma'aunin nasarar duk wani shirin gwamnati shi ne ko a wannan lokaci manomin Kwoi ko Kachia zai iya zuwa kasuwa ya sayi buhun iri da tabbacin cewa lafiyarsa ƙalau, ya kuma sami wanda zai kira idan ganye ya fara sauya launi. Adadin manoman da suka sami waɗannan abubuwa biyu shi ne alƙaluman da ya kamata majalisa da ƙungiyoyin manoma su nema daga hukumomi kafin damina mai zuwa.